Daminar da Muryata Ta Tallata Yashi

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka a Kwandiko. Ba wani mai yawa ba ne, iyakarsa ya jiƙa ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, amma ƙamshin da ya taso ya isa ya sa kowa ya sauko da sunguminsa. Yau da hantsi ina gona ina sara, Rabi matata, wadda a da ko hanyar gona ba ta sani ba, tana bina da ƙwaryar iri tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Mu biyu ne kawai. Gonar da ke gabas da tamu mutum bakwai ne a ciki, ana hira ana dariya. Na yi musu sannu da aiki, mutum biyu suka amsa. An samu ci gaba ke nan, don bara ko ɗaya bai amsa ba.

Wannan ƙamshi na ƙasa shi ke mayar da ni daminar bara waccan, da azumin da ya gabace ta. Na san yunwa tun ina yaro, shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, Inna ta riƙa tankaɗe dusa sau biyu tana yi mana tuwo da ita. Amma waccan yunwa ta gari duka ce, kowa ya rame tare da maƙwabcinsa, ba wanda ake nunawa da yatsa. Ta bara waccan kuwa da sunana ta shiga gidajen mutane.

Sunana Isiyaku. Shekara goma sha shida na yi ina aiki a wani ɗan situdiyo a Birnin Kudu, na wani ɗan kasuwa, Alhaji Tasi'u. Mu ba gidan rediyo ba ne. Mu ke haɗa talla da sanarwa da wani shirin manoma na mako-mako, a kai wa gidajen rediyo su sa, a kuma ba masu lasifika a kasuwanni. Mai shago zai zo ya faɗi abin da yake so, ko kamfani ya aiko da takarda da Turanci. Malam Garba, wani dattijo tsohon malamin firamare, shi zai zauna ya juya ta Hausa, ya yi ta gogewa yana sakewa har maganar ta zauna. Ni kuma in karanta. Daga Basirka har Fagam, in na yi sallama a wurin mai shayi, kafin a ɗago a dube ni an ce, "Isiyaku na rediyo!"

Sai aikin ya fara ja da baya. Masu shaguna suka gano waya za ta rubuta musu talla, ta karanta, ta sa kiɗa, su tura wa jama'a ba su biya kowa ba. Ƙirƙirarriyar basira ake ce wa abin a labarai, mu dai na'ura muke cewa. Gidajen rediyo su ma talla ya yi musu ƙaranci, suka shiga rage ma'aikata suna matse mu a farashi. Tallan da a da mutum uku za su ci abinci a kansa ya koma ko ɗaya ba ya ƙosarwa.

Malam Garba aka fara sallama. Ranar ya same ni a bakin famfo ina alwalar azahar, ya tsugunna kusa da ni.

"Isiyaku, Alhaji yana jin maganarka. Ka ce masa ya bar ni ko duba abin da na'urar ta fassara in riƙa yi. Shekaranjiya fa maganin feshi ta mayar maganin sha. Da ban gani ba, da an kashe wani."

Na ce, "Malam, zamani ne ya zo. Rubutu yanzu kowa na iya yi. Ka yi haƙuri ka nemi wani abin tun da sauran ƙarfinka."

"Kai fa?"

"Ni ai murya ce. Ita ba a sayenta a kasuwa."

Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya tashi. Ban yi wa Alhaji maganar ba. Gaskiyar magana ma wani sanyi na ji a raina, don na ga in an rage baki ɗaya, nawa rabon zai daɗe.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Tun ƙarfe tara na safe rana ta gama gasa kwanon rufi, iska ta riƙa busowa kamar daga bakin murhu. Awaki su lafe a gindin katanga baki buɗe. Masu shaguna su jiƙa zani su lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙayau. Kwana biyu da kama azumi Alhaji ya kawo wani mutum daga Kano, mai farin gilashi, ana ce masa Injiniya.

Alhaji ya ce, "Muryarka za mu adana, Isiyaku, saboda ranar da mura ta kama ka kada aiki ya tsaya."

Aka miƙo min takarda shafi huɗu da Turanci, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. A bakin ƙofa kuma ga buhun shinkafa da katan ɗin taliya an jingine, an ce nawa ne na azumi. Na sa hannu idona na kan buhun.

Ɗakin ɗaukar murya ba shi da taga, bangonsa duk soso ne. Ba a kunna fanka, don makirfo zai kama ƙararta. A nan na yi kwana ashirin, daga hantsi zuwa azahar, ina karanta maganganun da ba kai ba gindi. Akuya ta hau katanga. Mota za ta tashi ƙarfe tara. Allah ya jiƙan musulmi. Injiniya ya ce in faɗa da fara'a, in faɗa. Ya ce in sake kamar an yi min rasuwa, in sake. "Yi dariya. A'a, wadda ta fi wannan. Yanzu rantse." Harshena ya riƙa manne wa dasashi, yawu ya koma fari mai kauri, gumi ya gangaro ta ƙafar wando ya taru a cikin takalmi. In na fito, sai in sheƙa ruwan buta a ka ina datse leɓe kada ɗigo ya shiga. Shi kuwa Injiniya ba ya azumi. Ya ce shi matafiyi ne. Kwana ashirin yana matafiyi a kan kujera ɗaya, yana fasa ledar ruwa mai sanyi da haƙori yana tsotsa, ina kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka.

In na koma ɗakin da muke haya, Rabi ta dama kunun tsamiya ta soya ƙosai, yara sun zagaye tabarma suna jiran kiran salla. Sau da yawa ko addu'ar buɗa baki ba na iya yi a fili, murya ta dushe. Ta riƙa dafa min citta da zuma.

"Malam, wannan aiki na Alhaji zai cinye maka maƙogwaro."

"Ki bari dai, bayan salla za ki ga amfaninsa."

Mako ɗaya bayan salla Alhaji ya kira ni ofis. Ya danna wasu 'yan kalmomi a kwamfuta, sai na ji ni na yi sallama ina tallan sabulun da ban taɓa jin sunansa ba. Har ɗan numfashin da nake ja kafin in ce "to, jama'a" yana ciki. Dariya na yi, wallahi, har da tafi. Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "Ka je ka huta, Isiyaku. Ka sha wahala. In muna buƙatarka za mu kira."

Na tattara iyalina muka koma Kwandiko, gidanmu na gado, inda yayana Hamisu yake zaune da iyalinsa da mahaifiyarmu. Na ce musu yanzu ta waya nake aika aikin, shi ya sa na dawo kusa da Inna in kuma taɓa noma. Rabi kaɗai ta san gaskiya. Ƙaryar ba ta yi wuyar tsayawa ba, tunda kullum da safe muryata na tashi daga rediyon kowane gida. 'Yan uwa suka riƙa zuwa da buƙata, wannan maganin ɗa, wancan kuɗin mota, ina cewa babu. Aka fara cewa birni ya mayar da ni marowaci. Na gwammace a ce min marowaci da a ce an kore ni.

Ruwa ya makara a shekarar. Da ya zo aka yi shuka, sai ga takin zamani ya yi tsadar da mutane ke zuwa su tambaya su juya. Ana cikin haka wata safiya na ji ni a rediyon maƙwabcinmu:

"To, jama'a, Isiyaku ne ɗan Kwandiko. Ga taki ya zo a rabin kuɗi. Wallahi ni da kaina na gwada shi a gonata. Ku hanzarta kasuwar Gwaram kafin ya ƙare."

Aka yi ta maimaita shi safe da yamma, a rediyo, a lasifikar kasuwa, a wayoyin mutane. Ban san takin ba, ban san masu shi ba. Da yamma ina zaune a ƙofar gida ina gyara ƙotar fartanya, Yaya Hamisu ya tsaya a kaina. Mutum ne marar yawan magana, ya girme ni da shekara tara, shi ya yi noma ya biya min makaranta bayan rasuwar Baba.

"Isiyaku, wannan taki, da gaske ka gwada shi?"

Akwai mutum uku a kan dakali suna ji. Abin da zan ce bai fi kalma biyar ba: ba ni ba ne, Yaya. Amma in na faɗa, sai an tambaye ni to waye, daga nan sai komai ya fito. Na ci gaba da buga ƙotar a ƙasa, na ce, "Ai ka ji da kunnenka, Yaya."

Washegari ya kora ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu kasuwa, ya dawo da buhunan takin a kan amalanken aro. Mutanen da ke kan dakali su ma suka saya, suka gaya wa wasu ƙanin Hamisu ya tabbatar da bakinsa. Ni kuwa ko na rabin kuɗin ban da halin saye. Toka da kashin awaki da juji muka riƙa ɗiba ni da Rabi muna kaiwa gona.

Bayan noman firi, wato noman farko, aka zuba taki, ruwa ya sauka a kai, aka jira. Masara ba ta yi duhu ba. Ta tsaya iya gwiwa, ganyen ya yi rawaya daga ƙasa yana hawa, kara siriri kamar tsinke. Wani ya ɗebi takin ya zuba a kwanon ruwa ya motsa. Launin ya wanke, yashin rafi ya kwanta a ƙasa. Aka ruga kasuwar Gwaram, rumfar ba kowa. Lokacin kuma an wuce a sake wani abu, kuma ba abin da ya rage a sayar. A tsakiyar gonakin nan masu rawaya, tawa mai kashin awaki ta tsaya kore shar, ana hango ta daga hanya.

Masu wucewa suka riƙa ce wa juna, "Ka gani ko? Ya san abin da ya sayar mana. Nasa mai kyau ya zuba."

Marka ta kankama. Ruwa ya yi kwana uku yana zuba ba ya ɗaukewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida ba wuta, katangun ƙasa suka jiƙe suna zubewa. Rumbuna sun kai ƙasa. Mata suka shiga yawon tafasa da rama a bakin gonaki, a dafa a matse a kwaɗa da ɗan ƙuli, in babu ƙuli a sa gishiri da barkono. Yaran Yaya Hamisu takwas ne. Da rana ina jin ƙaraminsu yana kuka irin na yunwa, marar ƙarfi, mai tsayawa ya ci gaba.

Ciyawa ta ci ƙarfin gonata, sai na kira gayya don maimai, wato noma na biyu, kamar yadda aka saba: ka gaya wa mutane, su zo da fartanyu, kai kuma ka ciyar da su. Rabi ta share ƙasan buhu ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka a babbar tukunya, ta dama kunu. Muka kai gindin ɗorawar da ke bakin gona muka ajiye. Hantsi ya yi, rana ta take. Mutane suna wucewa ta hanya da fartanya a kafaɗa, su dubi tukunyar, su kau da kai, kuma na san da yawansu ba su karya ba. Da azahar Rabi ta raba tuwon a kwanuka ta aika gidaje. Aka riƙa dawo da su a rufe. Na sashen Yaya Hamisu matarsa da kanta ta dawo da shi, ta dire a bakin ƙofarmu, yaranta na biye da ita suna kallon kwanon.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka kira ni gaban jama'a a ƙofar gidan mai unguwa. A nan na faɗi komai: kwana ashirin ɗin nan, takardar, korar. Na ce rabona da makirfo tun azumi. Wani ya ciro waya ya kunna tallan ya ɗaga sama.

Mai unguwa ya ce, "Malam Isiyaku, wannan muryar waye?"

"Ranka ya daɗe, muryata ce, amma ba ni na faɗa ba."

Aka fashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Wani ya ce to aljaninsa ne. Wani ya ce na'urar ce kuma ta zuba masa taki mai kyau a gona. Yaya Hamisu bai yi dariya ba. Sai da aka lafa ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"A bar zancen rediyo. Ranar da na tsaya a kanka a ƙofar gida na tambaye ka, na'ura ce ta ba ni amsa?"

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Kafin mako ya zagayo ya kafa zana ya raba tsakar gidan biyu, ya fasa wa kansa wata ƙofa. Ɗakin Inna ya faɗa a ɓangarensa.

Na hau acaɓa zuwa Gwaram, na shiga mota zuwa Birnin Kudu. Na tarar an kwashe kayan situdiyo, ana cire soson bango, za a mayar da wurin shagon cajin waya. Alhaji ya rame. Ya ciro takardar ya nuna min sa hannuna.

"Muryar ba ta hannuna ma yanzu. Na sayar wa su Injiniya, su ke ba da hayarta ga duk mai so, har gidajen rediyo. Ni ma abin ya cinye ni, Isiyaku."

"Alhaji, an sa ni na rantse da Allah a kan yashi."

"To ka kai ƙara. Ka san kuɗin lauya?"

A tasha na ga Malam Garba ya baza tabarma yana sayar da allurai da zare da madubai. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya biyo ni Kwandiko ya shaida wa mutane yadda na'urar take, tunda shi dattijo ne za a ji maganarsa. Ya saurare ni har na gama, yana jera zarensa.

"Na ji tallan. Tun ranar farko na san ba kai ba ne, don kai ba ka cewa rabin kuɗi, sauƙin kuɗi kake cewa. Amma in na tashi, wa zai tsare min tabarmar? Ka yi haƙuri. Allah ya kiyaye hanya."

Inna ta kwanta a ƙarshen marka. Zazzaɓi ne, amma jikin da ya wuni a kan tafasa ba ya riƙe zazzaɓi. Sai Yaya ya fita gona nake zagayawa in shiga wurinta da ɗan kunu. Ba ta taɓa tambayata zancen taki ba. Abin da take cewa kawai, "Ku dai ku shirya, Isiyaku. Ku biyu ne maza." Ranar da aka fara yankan gero ta cika, bayan sallar asuba. Ni na ɗebo ruwan wanka, da ni aka haƙa kabari, na shiga rami tare da Yaya muka karɓe ta, kafaɗata na gugar tasa, bai dube ni ba.

Muka dawo muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, shi a wannan gefen tabarma, ni a wancan. Wajen la'asar wani ya ƙara ƙarar rediyo, ya ce ga sanarwar za a yi. Yanzu ta waya ake tura rubutun, kafin a jima an karanta. Sai na ji muryar nan da aka sa ni na yi a ɗakin soso, wadda aka ce in yi kamar an yi min rasuwa. Ta yi salati, ta faɗi sunan Inna da unguwarmu da lokacin da aka yi jana'iza. Ta ce marigayiyar ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Malam Hamisu, da Hajara, da Sa'adatu. Ta yi mata addu'a da kyau, har muryar na rawa.

Mu huɗu Inna ta haifa.

Kowa ya san tun asuba ina gabansu, ga ƙasar kabari ba ta ma bushe a gwiwar wandona ba. Mai unguwa ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ashe gaskiya ka faɗa, Malam Isiyaku."

Na juya wajen yayana. "Yaya, ka san da muryata za su karanta?"

A karon farko tun ranar Juma'ar nan ya dube ni ido cikin ido.

"Na sani. Ni na ce su sa taka."

Wasu baƙi daga Fagam suka yi sallama, ya miƙa musu hannu, aka ɗaga hannu aka shafa fatiha.